An Sayar da Mota

Laifin wani yagaggen littafin koyon harshen Yukiren ne, wanda na tsinta a tashar jiragen ruwan Jidda. Darasi ɗaya ya rage a cikinsa, an rubuta lafazin da boko. Wani akawu ya ce darasin faɗin an yi abu ne ba tare da ambaton mai yi ba. Na haddace jimlolin tsaf, ma'ana kuwa ban bi ta kanta ba. Duk unguwarmu ta Sa'alaba sai da ta ji na zama gwani.

Ran nan kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce injiniyan da zai duba injinan garejinmu ɗan Yukiren ne. "Yalla, maza, kai za ka tarbe shi."

Na sha ado har da turare, na tsaya gaban ma'aikata, na zuba wa baƙon hadda ba gargada. Ya saurara, ya juya ga kafili da Larabci rangaɗaɗau: "Wannan ya ce an fasa taga, an cinye kifi, an sayar da mota."

Kafili ya zabura waje, takalmi ƙafa ɗaya.

Motar tana nan inda ya ajiye ta. Amma har yau, ko wurin ɗaurin aure na shiga, sai wani ya ɗaga murya: "Ya Hajj, wai wa ya saye ta?"