Satar da Aka Ce Halal Ce

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saci takalmi a garin Makka ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen unguwarmu ta Mansur ba za su bari ba. Kafin ka ce a'uzubillahi, mai karatu, gyara zama ka ji yadda aka yi, domin satar nan sai da na nemi fatawa kafin na yi ta.

A bakin layinmu akwai mirkaz, wato kujerun da dattawan unguwa ke zama a kai bayan la'asar, ana shan shayi ana gyara duniya da baki. Cikin kujerun akwai guda ɗaya da ke jikin fankar tsaye. Duk wanda ya san zafin Makka ya san kujerar nan ta fi sarauta. Shekara da shekaru tawa ce, kuma da gumin dara na same ta. Duk bayan babbar sallah, idan an gama aikin Arfa jiki ya dawo, ni da Alhaji Tanko mukan kara. Wanda ya ci, kujera tasa ce har shekara ta zagayo, wanda aka kayar kuma shi ke zuba wa ɗan'uwansa shayi. (Shayin da Tanko ya zuba mini zai cika rijiya.)

Tanko Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka bawana ne, ko da yake shi ma haka yake faɗa a kaina. Daga ni har shi a nan Makka aka yanke mana cibiya, babu wanda ya taɓa kwana a Kano ko Zariya. Amma wasan da iyayenmu suka taho da shi a ƙafa ba mu yar da shi a hanya ba.

To, bana sai jikana Faisal ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ɗauke da wani gogaggen kulki, da ƙwallo mai tauri kamar goruba, da wata safar hannu da za ta shiga ƙafar raƙumi. Wai sunan wasan besbol. Tanko, wanda dara ta gama ƙona masa rai, yana gani ya ce bana da wannan za a kara, gida da gida, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, ni da nawa. Da ina da hankali da na ce a'a. Amma a gaban jama'a ya ce Bakano ba ya shiga kasuwar da bai san farashinta ba, tsoro yake ji. Nan take na ce a sa rana. Ƙafar da ta yi rayuwarta tana tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa ba za ta ji tsoron zagaye fili ba.

Na sa Faisal a gaba na ce ya koya mini. A nan aka fara samun matsala. Ni dai karatuna aji uku ne, na ukun ma rabinsa ta taga na yi shi. Shi kuma Faisal Hausarsa kamar rigar aro take, ta rufe nan ta bar can, sai ya cike da Larabci. Da haka dai na gane cewa wani zai jefo ƙwallo, kai kuma ka maka mata kulki ka ruga. Akwai wurare huɗu a fili da ya kira gida, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka dawo inda ka taso, shi ne ka ci ɗaya. Idan aka taɓa ka da ƙwallo kana tsakanin gida da gida, ka fita.

Na ce duk na ji wannan, yanzu ya gaya mini inda wayo yake, don babu wasan da ba shi da ƙofar baya. Ya yi dariya ya ce idan ƙwallo ta bugi jikinka, kyauta za ka tafi gidan farko. Na adana wannan. Sannan ya kira ni Sidi, yadda jikoki ke kiran kakansu a nan, ya ƙara da maganar da ta kai ni ta baro.

"Sidi, a wasan nan sata halal ce. Idan mai jifa ya gafala, kana iya satar gida."

Na sa ya maimaita da Larabci, ya ce sirƙa, kalmar dai ita ce. A Makka, yaro ya dubi kakansa ya ce sata halal ce. Ban yi wasa da addinina ba, na tafi wurin Malam Sani, wani ɗalibi daga Najeriya da ke karatun fiƙihu, wanda aka ce shi zai yi alƙalanci ranar. Ya shafa gemunsa ya ce abin da 'yan wasa suka yarda da shi a tsakaninsu ba ya shiga babin sata a shari'a. Na fito ina jin kaina kamar wanda aka ba lasisi. Abin da ban tambaya ba shi ne yadda ake satar. Ai ba sai na tambaya ba, a ganina. Mu a dara idan ka ci, ɗauka kake yi ka riƙe a hannunka.

Ranar wasa muka kama wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a hanyar Arfa, mai fili da tsakuwa. Mata suka shimfiɗa darduma a gefe da tulunan shayi. Aka sa murfin tukunya a matsayin gidan tashi, bulo a gidan farko. Kwalayen da aka ajiye a gida na biyu da na uku iska ta yi ta kwashe su. Sai Tanko, don neman suna, ya tuɓe sababbin takalmansa na fata da ya sa ranar idi, ya ajiye ɗaya a gida na biyu, ɗaya a na uku. Ya ce shi dama ba takalmi ya fi gudu.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi duk abin da ya sawwaƙa. Duk sanda Tanko ya ɗaga kulki sai tari ya sarƙe ni. Da tari ya daina aiki na sanar da shi cikin tausayawa cewa mazagin wandonsa ya kwance. Ya duba ƙasa, ƙwallo ta wuce. Faisal ya matso ya raɗa mini cewa wannan aibu ne, a can inda ya koyo wasan ana girmama abokin karawa, har a gaisa bayan an tashi. Na ce masa su can ƙanƙara ce ke sauko musu, ba su san darajar fanka ba.

Rana ta yi ja, ci ya zo daidai, Malam Sani ya ce wannan ne zagayen ƙarshe don a samu alwalar magariba. Kuma ga shi ni ne da kulki. Babban ɗan Tanko ya jefo, na kai duka, na daki iska. Ya sake jefowa, na sake dukan iska har sai da na juya na fuskanci mata. A na uku na tuna karatuna. Na sauke kulki na turo tumbi gaba, ƙwallo ta same shi tim. (Har yau wurin yana gaishe ni idan na yi ruku'u.) Tanko ya yi ta ƙorafi cewa tumbin ne ya je ya sami ƙwallo. Malam Sani ya ce shi zahiri yake hukunci da shi, niyya tana wurin Allah. Na taka zuwa gidan farko kamar ango.

Ina tsaye a kan bulo, Tanko yana gadin gida na biyu, ɗansa mai jifa ya juya yana goge gumi. Sai Faisal ya matso kusa da kunnena.

"Yalla Sidi, yanzu. Saci gida."

Na tattare jallabiya na cije gefenta, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wallahi tun zamanin keken alhazai ban yi gudu irin wannan ba. Na isa gida na biyu kafin su farga, na sunkuya na sure takalmin Tanko na danna shi a hammata. Da na ga babu wanda ya tare ni, zuciya ta ce mai takalmi ɗaya ai bai yi sata ba, ɓarna ya yi. Na zarce gida na uku na haɗa da ɗan'uwansa.

Ina jin ihu a bayana, na ɗauka kirari ake yi mini. Faisal yana ta ɗaga hannu yana faɗin abubuwa da Larabci, na ɗauka murna ce ta ƙwace masa Hausar. Na iso gidan tashi, na tsaya taku ɗaya kafin murfin tukunya, na juya wajen jama'a na ɗaga takalman sama, ɗaya a kowane hannu. Na ce a shaida, gida biyu na sato, ga su nan lafiya lau.

Babu wanda ya tafa. Malam Sani ya durƙusa ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Matasa duk sun ɗaga wayoyi. Ina cikin mamaki sai ga Tanko ya iso yana ɗingishi a kan tsakuwa, ƙwallo a hannunsa, ko sauri ba ya yi. Ya ɗora ta a hankali daidai inda ta buge ni ɗazu.

"Ka fita, bawana. Murfin ake takawa. Ba ni takalmana."

Na juya wajen alƙali na ɗaukaka ƙara. Na ce an ce a taɓa gida, to wa ya kai ni taɓawa, ni da na rungume su? Malam Sani ya share hawaye ya ce fatawarsa ba ta haɗa da ɗauke wa mutum takalmi ba. A nan ne Faisal ya samu Hausar da zai bayyana mini cewa satar gida tafiya ce kawai, ka je ka tsaya a kai ba a lura ba. Gidan yana nan inda yake. Na ce to wannan ai ziyara ce, wane ne ya sa mata suna sata?

Ban gama jin wannan ba sai muryar Hajiya, uwar 'ya'yana, ta taso daga kan darduma. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa nake fita masallaci da silifa in dawo da mai kyau. (Sau ɗaya abin ya faru, kuma kuskure ne, kuma na mayar.) Dariyar da aka yi ta kai Muzdalifa. Cikin wannan ruɗani aka ba gidan Tanko damar bugu na ƙarshe, wani jikansa ya maka wa ƙwallo kulki ta tsallake katanga, wasa ya tashi.

Kafin gari ya waye hoton ya zagaye Mansur ya shiga unguwar Utaibiyya. Da na je sallar azahar, ina isa ƙofar masallaci dattawa suka fara sunkuyawa kowa yana ɗaukar takalminsa yana sawa a hammata, fuska ba dariya, har da liman.

Da la'asar na yi shawarar in kwanta ciwo. Sai na ce a'a, wanda ya sha shayin nasara shekaru dole ya iya zuba na kaye. Na sa jallabiyata mai guga na tafi mirkaz. Tanko yana kan kujerata ya miƙe ƙafa. Na ɗauki buta na zuba masa. Ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan, na ƙara. Sannan ya miƙo mini wata leda. Takalman ne.

"Na ba ka halak malak, don kada a ce bawan Zagezagi ɓarawo ne. Abin kunyar namu ne."

Daga nan ya kai hannu bayan fankar ya danna wani ɗan maɓalli. Sai ga kanta ya fara juyawa, dama da hagu, iska tana bin kowa a layi har ta iso inda nake tsaye da buta. Dattawa suka dubi juna, suka dube ni. Ashe duk shekarun nan sun ɗauka fankar ba ta juyawa. Ni kuwa na san da maɓallin, don ni na ja shi tun ranar da na fara cin kujerar. Tanko ya ci gaba da kurɓar shayinsa yana shan iska, kuma wannan ya fi ƙwallon zafi.

Darasin da na koya, ga shi kyauta. Idan yaro mai rabin Hausa ya ce maka sata halal ce, ka tambaye shi abin da ake sacewa da inda ake kai shi. In kuma Allah ya sa ka sato, ka taka murfin tukunya tukuna kafin ka tsaya nuna wa jama'a. Kujerar dai ban yafe ta ba, kullum da safe ina bayan gida da kulkin Faisal ina dukan iska, kuma iskar ta fara jin jiki. Takalman kuwa sun yi mini daidai kamar a ƙafata aka auna su. Da su nake zuwa zuba wa Tanko shayi.