Rigar Tukunyar Sallau Injiniya

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Sallau Injiniya. Ba wanda ya ba shi injiniyancin nan. Shi ya raɗa wa kansa, ya sayi fenti ya rubuta a ƙofar shagonsa da manyan baƙaƙe. Sana'arsa ta gaskiya gyaran kushin ce da ɗinkin katifa. Amma ku tsaya gaisawa da shi ku gani. Kafin ku ce "ina gajiya" ya gaya muku shi ne ya fara tunanin fanka mai caji, riga shi fitarwa kawai aka yi. Ni dai in na hango shi sai in sauya hanya, don surutunsa yana tayar mini da ciwon kai.

To, sai Allah ya ɗora masa son ƙanwata Hansai. Bazawara ce, tana tuwon sayarwa a bakin tasha. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Na ce mata, "Hansai, wannan bakin fa?" Ta ce, "Yaya, baki ne kawai. Yana da sana'a, yana salla, ba ya shaye-shaye. Surutu kuwa ai a tasha nake wuni." Na ce to, saura yardar Baba.

Babanmu, Baba Nomau, yana can saman Dutsen Gwarjo, tsohon garinmu. Tun da aka yi titi kowa ya sauko ƙasa, ban da shi da wasu tsofaffi 'yan uwansa da awakinsu. Mun yi lallashi, mun yi kuka, ya ce inda aka binne cibiyarsa nan za a binne shi. Hawan dutsen nan kuwa ba wasa ba ne. In kun tashi da hantsi, sai azahar za ku ga rufin ɗakinsa. Kukan Baba ɗaya ne a duniya: duk tuwon da muka kai masa kafin ya isa ya sandare. Mun saya masa kula, ya ce warin roba take yi, ya mayar da ita mazubin ruwan kaji. Shi tuwo a cikin tukunyar da aka tuƙa shi yake so.

Ranar da Sallau ya fara hawa gaisuwa, Baba ya yi wannan ƙorafi a gabansa. Wani mai hankali da sai ya ce Allah ya kyauta ya yi shiru. Sallau kuwa sai ya bugi ƙirji, dum!

"Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne. Zan ɗinka wa tukunya riga. In ban kawo maka tuwon Hansai daga gindin dutsen nan yana ƙona yatsa ba, kada ka ba ni ita!"

Baba ya juya ya dubi tsofaffin da ke zaune da shi. "Kun ji shi?"

Suka ce, "Mun ji."

"To, na karɓa."

Da labarin ya zo mini, na ce Sallau ya ɗebo ruwan dafa kansa. Na san Baba. Maganar da aka yi a gaban tsofaffin nan ba ya tashinta ko sama za ta faɗo.

Sallau ya rufe shago ya kama aiki. Ya yanka tsohon bargo. Ya cusa audugar rimi dam. Ya bi shagunan masu shayi ya tattaro ledojin madarar gari, masu ƙyallin nan a ciki, ya shimfiɗa su ta ciki. Ya ɗinka murfi, ya sa igiyoyin goyo kamar jakar 'yan makaranta. Har miya ya yi wa nata ɗan aljihu, wai a ƙulle ta a leda a zura. Ya kuma yi wa sunansa aiki da jan zare a baya, yadda ko makaho zai shafa ya karanta.

Daga nan unguwa ta shiga uku. Duk wanda ya gifta sai an tare shi.

"Zo ka taɓa! In ka zuba shayi a nan ranar ƙaramar Salla, ka buɗe ranar babbar Salla, sai ka hura kafin ka kurɓa."

Ƙaninmu Mati, ɗan acaɓa, wanda dama tsakaninsa da Sallau akwai wasan ƙanin mata tun kafin a ɗaura komai, ya ce, "Injiniya, to in aka sa ƙwai fa?"

"Kaza za ka tarar, da 'ya'yanta."

Ni kuwa a gaskiya rigar ba ta da laifi. Tana riƙe ɗumi daidai gwargwado. Da bai cika baki ba, da ba wanda zai kushe ta. Abin da ba mu sani ba, sai daga baya maƙwabciyarsa ta ba mu labari, shi ne ya gwada ta a ɓoye a gida. Ya sa tuwo da hantsi, ya buɗe da azahar, ya tarar da shi ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Shi kuwa ƙona yatsa ya yi alkawari.

Sai shaiɗan ya ba shi shawara. Ya samo gwangwanin tumatir, ya huhhuda shi da ƙusa don iska ta shiga. Ya ɗinka masa ɓoyayyen aljihu a ƙarƙashin tukunya, ta ɓangaren da zai manne da bayansa, don kada kowa ya gani. Ranar tafiya ya cika gwangwanin da garwashin ƙirya, wanda ba ya saurin mutuwa, ya yayyafa toka a kai, ya zura. Garwashi fa! A cikin audugar rimi! Ni ko ashana ba na bari yarana su kusanci matashin kai da ita.

Hansai ta tuƙa tuwon masara mai laushi saboda haƙoran Baba, da miyar kuka har da man shanu. Sallau ya karɓi tukunya ya shiga shago shi kaɗai, wai sirrin sana'a. Ya fito da ita a goye. Ya ɗaure igiyoyin a ƙirjinsa da wani irin ƙulli nasa, ƙulli kan ƙulli, don ya san halin Mati da taɓe-taɓe.

Muka kama hanya mu huɗu: shi a gaba, Mati, Hansai, ni a baya ina nishi. Na bar yara wajen maƙwabciya, amma hankalina na can. Ko autana ya ci abinci? Ko an rufe rijiya?

Da farko lafiya ƙalau. Sallau yana tafe yana lacca. Wai daga wannan zai ɗinka wa motar ɗaukar abinci riga. Wai mahajjata za su riƙa tafiya da tuwon gida.

Da muka kai rabin dutse, inda iska ke kaɗawa, sai na ji ƙauri. Na tsaya cak.

"Na shiga uku! Hansai, anya ban bar wake a wuta ba?"

"Yaya, daga nan za ki jiyo ƙaurin waken gidanki?"

"To, wani abu dai yana ƙonewa."

Mati ya shaƙi iska, ya dubi gaba, ya ce, "Injiniya, bayanka yana hayaƙi."

Sallau bai ko waiwayo ba. "Tururi ne. Shaida ke nan aiki yana kyau."

"Tururi baƙi?"

"Kai, jahilci bai yi ba. Miyar kuka ce a ciki. Tururinta dama duhu gare shi."

Hansai ta ce, "Malam, shekara nawa ina miyar kuka, ban taɓa ganin ta yi warin bargo ba."

"Ke ba a cikin riga kike yin ta ba."

Ya ƙara sauri. Saurin nan kuwa shi ya ƙara wa garwashi iska, kamar ana yi masa fifita. Mutumin da ɗazu yake lacca sai ya koma shiru. Gumi yana zuba ta haɓarsa ɗis-ɗis. Yana tafe yana banƙarewa, yana tura ciki gaba, kamar mai tsohon ciki. Muka ga yana tsallake duwatsu bibbiyu. Wallahi har wata akuya ya wuce, ta tsaya tana kallonsa.

Na ɗaga murya na ce, "Malam Sallau, don Allah ka sauke mu duba. Ni jikina bai ba ni ba."

"Yaya, kada ki damu! In aka buɗe a hanya zafin zai gudu!"

Mati ya ce, "Ai kuwa na ga zafin bai da niyyar gudu. Kai ne kake gudu."

Ko da muka iso, Baba da tsofaffinsa suna zaune a inuwar tsamiya suna jira. Nan ne fa ido ya raina fata. Kun san mai neman aure ba ya isa gaban suruki a tsaye. Dole ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, kuma ba ya tashi sai an gama gaisuwa. Gaisuwar mutanen saman dutse kuwa ba irin tamu ta 'yan titi ba ce. Ba su cika samun baƙi ba, in sun samu sai sun more. Ga Baba kunnensa ya yi nauyi.

Sallau ya zube, ya juya bayansa wajen da ba kowa sai mu.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Na'am?"

"BA GAJIYA, Baba!"

"Madalla. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Hannunsa ɗaya yana ƙasa don ladabi, ɗayan yana ƙirji yana kokawa da ƙulli. Ƙullin nan ya sha gumi ya ƙara tamkewa. Daga inda nake durƙushe ina ganin jan zaren sunansa yana murɗewa yana baƙi. Na ce, "Baba, a bar shi ya sauke kaya tukuna."

Baba ya ce, "Ke, bari mu gaisa. Ya mahaifiyarka?"

"Tana lafiya."

"Ƙafar tata?"

"Da sauƙi!"

"Wace ƙafar ce ma, ta dama ko ta hagu?"

"Duka biyun, Baba, duka sun warke!"

Muryarsa tana ta sirancewa kamar ta ɗan akuya. Da Baba ya gama, sai tsohon da ke kusa da shi ya gyara zama ya ɗauka daga farko. Ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa a wajenku. Sallau yana amsawa yana rawa a kan dugadugansa. Tsoho na uku ya shaƙi hanci ya ce, "Ikon Allah. Yaron nan ya cika alkawari. Tun daga nan ina jin zafin tuwon."

Sallau ya buɗe baki zai yi godiya, sai iska ta taso. Fuu! Harshen wuta ya leƙo ta saman kafaɗarsa.

Ladabi ya ƙare.

"Wayyo Allah bayana! Wayyo na ƙone! Mati, wuƙa! Yanke igiya!"

Ya yi zumbur ya miƙe, ya tsallake ƙafafun surukinsa, ya fara zagaye tsamiya da wuta a goye. Tsofaffi suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar carbi. Kaji suna kururuwa. Ni ina salati ina ihu a kawo ruwa. Mati yana bin sa da reshen ganye yana jibga, rabi a wuta, rabi a ƙeya, kuma na rantse na ƙeyar sun fi yawa.

A zagaye na biyu aljihun ɓoye ya cinye. Gwangwani ya faɗo, ƙwal! Ya gangara a kan dutse, ƙwalalam, ƙwalalam, yana zubar da jan garwashi, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Baba.

Shi kuwa gogan ya hango kwarmin dutsen da ruwan sama ke taruwa, inda awaki ke sha. Ya juya baya ya faɗa. Tsulum! Cuuu! Hayaƙi ya tashi fari. Tukunya ta nutse, murfi ya yi iyo, ledar miya ta taso tana lilo a gefensa.

Baba ya sa sandarsa ya juya gwangwanin yana duba hudojin.

Daga cikin ruwa Sallau ya ce, "Baba, aikin maƙiya ne. Wani ne ya jefa mini a hanya."

Mati ya yanke igiya, ya ɗago ragowar rigar yana ɗiga, ya nuna wa jama'a gurbin aljihun. "Lallai maƙiyin nan ya iya keken ɗinki. Har awo ya yi wa gwangwanin, ya bi shi da ɗinki biyu."

Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Har yau ta ce kuka take yi. Ni dai na san kukan ƙanwata.

Muka jawo shi waje. Allah ya taƙaita, fata ce ta sale, amma bayan rigarsa ya tafi gaba ɗaya, wandon ma ya sami taga babba. Ya durƙusa yana riƙe da bayan wando da hannu biyu, ganyen tsamiya da kashin awaki manne a gemunsa. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Baba, a dai taɓa tuwon. Mai yiwuwa tsakiyarsa da saura."

Baba ya ce a kawo. Mati ya tsiyaye ruwan da ke ciki, ya cire wani ɗan kwaɗo, ya ajiye tukunya. Baba ya naɗe hannun riga. Ya zura yatsa har ƙarshe. Ya jira. Ya zare, ya duba yatsan, ya nuna wa tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙa tafin hannunsa kusa da bayan Sallau, kamar mai jin ɗumin murhu, ya yi saurin janyewa.

"Ɗan nan, tashi ka sauka tun da sauran rana. Hansai tana nan, ban ba ka ita ba. Ni tuwo na ce a kawo mini da zafi, ban ce a gaso mini suruki ba."