Yadda Za Ki Haɗa wa Mijinki Kwamfuta Ba Tare da Shinkafa Ta Zauna Ɗanya Ba

"Bu, in Bapak ya sayi kwamfutar, mu kuma sai mu daina cin shinkafa?"

'Yata Kinasih ce, mai shekara biyar, ta jefo tambayar da ƙarfi a tsakiyar shagon kwamfuta na Koh Hendra. A yarenmu Bu uwa ce ko uwargida, Bapak ko Pak kuwa uba. Mijina Mas Gilang ya yi dariyar yaƙe. Ni ban yi ba, don yarinyar tana da gaskiya. Mitar wutar gidanmu a garin Semarang wat ɗari tara take ɗauka. Ki ɗora mata ko allura a kai, sai ki ji ƙas, duhu. Shi kuwa maigidan inji yake so na zana wa mutane gidaje kamar ka shiga ka zauna, "da ɗan wasa jefi-jefi." 'Yar'uwa, in naki ya fara irin wannan zance, bi matakan nan. Na yi miki alkawari: zai samu injinsa, ɗanki zai ci abinci da zafinsa.

1. Kada ya tafi shago shi kaɗai

Namiji shi kaɗai a shagon kwamfuta akuya ce a gonar rogo. Ki bi shi, ki riƙo yaro, kada ki ba yaron komai tukuna. Kukan yaro mai jin yunwa ya fi kowane ciniki sauri.

2. Ki auna komai da tukunya

Za su karanto miki lambobi. Ki toshe kunne. Ma'auni ɗaya ne: tukunyar lantarki ta dafa shinkafa.

Na ce, "Koh, wannan katin da ke fito wa inji da hoto, wutar tukunya nawa yake ci?"

"Bu, nan fa kayan kwamfuta muke sayarwa."

"Na sani. Tukunya nawa?"

Ya duba kwalin, ya sosa ƙeya. "Ɗaya. Har da murfinta."

Mas Gilang ya matso, ya kira ni da sunan lallashin da ya saba. "Dik, wannan shi ke sa inuwar bishiya ta fito kamar gaske."

"Mas, inuwa ake zuba wa miya?"

Muka ɗauki ɗan gwanjo mai cin rabin tukunya.

3. Ƙwaƙwalwa matsakaiciya, ram da yawa

Ƙwaƙwalwar inji mai tsananin sauri kamar ɗan da ya fi ubansa wayo ce, kullum gida da zafi. Ki ɗauki ta tsakiya. Ram kuwa, wato faifan da inji ke baza aikinsa a kai, baƙo ne da ya zo a ƙoshe, ba ya taɓa miki tukunya, ki ba shi wuri iya ƙarfin aljihu.

4. Ki hana fitilu masu launi

Zai rantse miki suna ƙara gudu. Ba a taɓa zana gida da shuɗiyar fitila ba. In ya nace, ki tambaye shi wane mai gida ne ya yi odar bakan gizo.

5. Kada ki yi rowa a akwatin wuta

Nan ba wasa nake ba. Ƙaramin akwatin da ke raba wa inji wuta, ki sayi mai kyau. Na banza yana fara warin ƙonannen tempe, wainar waken suyarmu, kuma ɗanki a ɗakin yake kwana. Jikin injin kuma ki zaɓi mai fanka a sama, zafi ya fita ta ka. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6. Ki tuna da abin da ke kunna kansa

Na haɗa lissafi tsaf: firji, tukunya, inji. Sun shiga, da ƙyar. Na ɓoye dutsen guga a bayan kabad. Ranar farko Mas Gilang ya sa injin ya fitar da zanen gidan wata hajiya mai bene biyu, tun safe yake gurnani, saura ƙiris. Shinkafa tana tafasa. Na ce wa Kinasih, "Nduk, 'yata, je ki wanke hannu."

Yarinya mai tarbiyya, ta je ta buɗe famfo. Injin jan ruwa ya tashi da kansa. Ƙas.

Gidan hajiya ya tafi da benensa. Shinkafa ta tsaya tsakanin duniya da lahira. Mas Gilang ya fito riƙe da kai. "Wa ya kunna me?"

Kinasih ta ɗaga hannuwa biyu. "Da sabulu ma, Pak."

7. Ki sa injin ya biya haya

Na koma dafawa da asuba, kafin a kunna shi, na zare tukunyar daga bango. Amma ta yaya shinkafa za ta kai rana da ɗumi? Sai na tuna da fankar sama. Na ɗora kwanon a kan injin, na rufe da tawul. 'Yar'uwa, turiri har gaban goshi.

Sai dai in zane yake a hankali, ɗumin na shan shayi ne. Ainihin zafin sai ya shiga wasan harbe-harbensa. Yanzu kullum da azahar Kinasih na jan rigarsa: "Pak, je ka yi wasa mana, yunwa nake ji." Shi kuma ya dube ni, ya yi fuskar sadaukarwa, ya ce, "Dik, don yarinyar nan nake yi."

Alkawari dai na cika: inji na aiki, shinkafa da zafinta. Amma ki ji ni da kyau. In kika bi matakan nan har mijinki ya zama murhu, kada ki zo ƙofata da kuka, ban san ki ba. Kuma ko me za a yi, kada ki ɗora miya a kan injin.