Waken Ƙasashe Talatin da Ɗaya

Wani ne, ma'aikaci a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata, ya shekara goma sha ɗaya yana cin abincin rana a ɓoye. Dalili kuwa shi ne abin da ke cikin kularsa: dafaffen wake da albasa da ɗan mai, kullum ta Allah. Ƙarfe ɗaya na yi sai ya shige bayan kabad ɗin tsofaffin takardu, ya ba ƙofa baya, ya cinye. Sannan ya fito yana sakace kamar wanda ya ci nama.

Rannan Darakta ya dawo daga ganin likita da sabon ra'ayi. Aka liƙa sanarwa cewa daga ranar Litinin kowa ya bar soye-soye, a koma cin wake irin na ƙasashen duniya domin lafiya, kuma a ɗakin cin abinci za a riƙa ci tare da shi. A ƙasan takardar aka ƙara da cewa ana neman jami'in tarbar baƙi daga ƙetare, kuma wanda ya san duniya za a ba kujerar.

Mutumin namu ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Sai dai iyakar saninsa da duniya tashar mota ce, ita ma rakiya ke kai shi.

Ranar Litinin ya buɗe kula a gaban jama'a. Darakta ya miƙo cokali ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Wannan na wace ƙasa ne?"

Idon mutumin ya faɗa kan taswirar da ke rataye a bango, ya karanto sunan da ya fara gani.

"Meziko, Yallaɓai."

"Na ji alama," in ji Darakta. "Harshena ba ya kuskure."

Ranar Talata tukunya ɗaya, wake ɗaya, har albasar ragowar ta jiya ce.

"Yau kuma fa?"

"Indiya, Yallaɓai."

"Bambancin a fili yake. Wannan ya fi na jiya natsuwa."

Ma'aikata suka gyaɗa kai baki ɗaya. Wata mai buga takardu ta ce ita tun daga ƙamshi ta gane.

Haka aka tafi. Laraba Masar, Alhamis Barazil, Juma'a Turkiyya. Kowace safiya yakan riga kowa zuwa, ya tsaya gaban taswira ya zaɓi ƙasar ranar. Da yake idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, masu manyan baƙaƙe kawai yake bi. Abin da waken ya yi wa tarukan yamma ba magana ce da mai mutunci zai rubuta ba; ya isa a ce an daina rufe tagogi.

Akwai wani a sashen wasiƙu da ake kira Mai Tabarau, shi ma kujerar yake so. Ya tare mutumin a kan matakala.

"Malam, wai wa ke maka girkin nan ne? Madam?"

"Wace madam? Kukuna ne. Ya zaga duniya."

Kafin mako ya ƙare matar Mai Tabarau ta haɗu da matar mutumin a kasuwa, ta yi mata barka da ɗaukar kuku.

Matar mutumin namu malamar makaranta ce, mai ji da kanta, ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Ta haɗiye maganar har safiyar rana ta talatin da ɗaya, ranar da Darakta ya ce zai faɗi wanda ya samu kujera. Mutumin na ɗaura takalmi ta tsaya a kansa da kula a hannu.

"Baban yara, wace ƙasa za mu yau?"

"Sai na je na duba."

"To. Ka gaishe min da kukun naka."

"Haba, Maman yara, ai maganar ofis ce."

"Ni ma girkin ofis na yi maka."

Ta miƙa masa kula. Ya ji ta fi kullum nauyi, tana kuma ƙara kamar tulu a kan jaki, amma sauri bai bar shi ya buɗe ba.

A gaban taswira ya tarar ya cinye duk ƙasashe masu manyan baƙaƙe. Ya bi da yatsa sama da ƙasa, gumi na keto masa. Can sai ya hango wata ƙasa shuɗiya, faɗinta ya ninka na kowace, sunanta shimfiɗe da baƙaƙe manya-manya. Ya yi mamakin yadda ya tsallake ta wata guda da ɗoriya.

Ƙarfe ɗaya ɗaki ya cika. Darakta ya zauna, takardar naɗi a gefensa, ya ce a buɗe. Aka buɗe. Ruwa ne tsululu, ƙwayoyin wake kamar bakwai suna iyo a ciki. Darakta ya kai cokali baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, hawaye ya zubo. Ashe matar mutumin ta juye rabin gwangwanin gishiri a ciki.

Da ƙyar ya haɗiye. "Wannan... na ina ne?"

"Fasifik, Yallaɓai. Babbar ƙasa. Na ajiye ta ne musamman domin yau."

Mai buga takardu ta fara gyaɗa kai. Mai Tabarau ya miƙe a hankali, ya je ya ɗora yatsa a kan taswira.

"Yallaɓai, a yi min afuwa. Fasifik teku ne. Ruwa ne zalla, ba kowa a ciki sai kifi."

Darakta ya ajiye cokali, ya dafa takardar naɗi, ya zuba wa mutumin ido.

Mutumin ya gyara wuyan rigarsa.

"To ka ji shaida daga bakin abokin hamayya, Yallaɓai. Gishirin nan da kake ji ba kuku ne ya zuba ba, da shi waken ya zo."