Albarushin Maƙwabcina da Naman Suna

Har yau ina cizon yatsa. Da maƙwabcina a garin Mitchellville na Amurka, wani tsohon Bature, zai tashi, ya miƙo min gwangwanin albarushin da yake ɗura harsasai da shi. Ya ce, "Ya shekara talatin cikin danshi, taimaka ka kai a zubar." Na shinshina, na ce a raina jikan maharbi ba ya zubar da albarushi. Na ɗura harsasaina tsaf.

Matata ta haifi 'ya mace, na hana a sayi nama. Ragon suna kawai, sauran ni zan harbo barewa. Muka shiga daji da ƙaninta, Dakta Sani. Barewa ta fito, na yi bisimilla, na danna. Bindiga ta ce "fus". Na ƙara bisimilla da ƙarfi, ba labari. Barewar ta dube ni, ta ci gaba da kiwonta.

Dakta Sani ya ce, "Yaya, ko in roƙe ta ta kwanta?"

Baƙi cike da gida suka raba rago ɗaya. Yarinyar yanzu tana aji uku, amma ko a masallaci dattawa sai sun ce, "Sarkin Baka, barewar tana gaishe ka."