Amanar da Na Damƙa a Tsaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai ƙanwata Basira ɗakin mijinta a Tsaskiya ba, kuma ko na so in manta, akwai masu tuna mini. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin tuƙa tuwo, sai in ji na saki tsaki ni kaɗai, yara su watse suna zaton da su nake.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni a lokacin. A unguwarmu a Batsari ni ce malamar kwalliya. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Na ɗan zauna a Katsina wajen karatu, na dawo ina jin idona ya buɗe, na kama sayar da mayafai da jakunkuna da takalma ta waya. Kullum sai na ɗora nasiha a sitatus: gajeriya ta guji atamfa mai manyan furanni, mai jiki kar ta kusanci yadi mai ƙyalli, jaka da takalmi su zama 'yan gida ɗaya. Babbar huɗubata kuwa ita ce kaya su zauna a jiki. “Ke ba gero ba ce, me zai kai ki cikin buhu?” Haka nake rubutawa, mata suna ta yaba mini, kaina yana ƙara girma. (Allah Ya yafe mini, har matar liman na taɓa yi wa gyaran ɗauri a gidan suna, ba ta tambaye ni ba.)

Basira kuwa ni na rene ta. Innarmu ta rasu ta bar ta 'yar mitsitsiya, na ɗauko ta na haɗa da 'ya'yana. Yarinya ce mai sanyi, ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Da ta girma suka daidaita da Sadisu, wani saurayi da ke kawo hatsi kasuwarmu, ɗan babban gida a Tsaskiya, masu noma da shanu. Tana sonsa, yana sonta, abu ɗaya ne kawai ke hana ta barci, wato uwarsa, Inna Kulu.

“Yaya, an ce ba ta son 'yan gari,” ta ce da ni ana saura kwanaki biki. “Wai ba mu da kunya, ba mu san girman manya ba. Ina tsoron ta tsane ni tun ban shiga ba.”

Na bugi ƙirji na ce, “Bar ni da ita. Ranar da za ta gan mu za ta san daga gidan mutunci kika fito.”

Ga yadda ake yi, ga wanda bai sani ba. Kafin a shigar da amarya ɗakinta, sai an fara kai ta gaban uwar miji, a durƙusa, babba daga danginta ta buɗe baki ta damƙa amana. Daga wannan zaman ake fara auna gidan da yarinya ta fito. Aikin Gwaggo Lami ne, ƙanwar babanmu, to amma ƙafarta ta kumbura, ba ta iya hawa babur, hanyar kuma ba ta mota ba ce har ƙarshe. Sai abin ya faɗo kaina. Na yi ta bitar jawabina a gaban madubi har na haddace shi tsaf.

An fitar da anko, atamfa ruwan ganye. Kowa ta ɗinka riga da zani, ni kuwa ina! Na ɗauki tawa har Katsina, na nuna wa tela hoto a waya: siket mai wutsiyar kifi, wanda yake kama mutum tun daga ƙugu har ƙasan gwiwa sannan ya baje, da riga mai ƙasusuwan roba a ciki don matse tumbi. Da ya zo awo na haɗiye cikina, na riƙe numfashi, ya rubuta awon wata mata da ba ni ba. Ranar karɓa na gwada, na juya dama, na juya hagu, na ɗau hoto. Duk a tsaye. Ko sau ɗaya bai faɗo mini in zauna a ciki in gani ba.

Ranar kai amarya sai da mata biyu suka taru kafin zif ya hau. Na kafa ɗauri, na zuba sarƙa da awarwaro, na hau takalmi mai tsini. Gwaggo Lami tana kishingiɗe a tabarma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, a jikinki aka ɗinka wannan ko kuwa zuba ki aka yi? Ɗauki zani ki sa a jaka.”

Na ce, “Gwaggo, yayi ne, ba za ki gane ba.” Jakar ma da na riƙe, daga waya sai jambaki take ɗauka. (Ni ce fa na koyar da cewa babbar jaka tana kashe kwalliya.)

Yanzu ba a kai amarya da dare a wajenmu, kowa ya san halin hanya. Da hantsi ake tafiya, a juyo kafin la'asar. Daga Batsari zuwa Safana a mota, a kishingiɗe na tafi a kujerar gaba don siket ya ƙi lanƙwasa. Da muka koma kan babura ƙafata ta ƙi ɗaguwa, sai cicciɓa ta aka yi aka aza a kaikaice kamar buhun taki. Mai hankali da tun nan ta farga. Ni kuwa cewa na yi ado sai da wuya.

Muka isa, aka tarbe mu da guɗa. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, gindin dalbejiya. Ga Inna Kulu a zaune, 'yar tsohuwa siririya da carbi a hannu, tsofaffin gidan sun sa ta a tsakiya, matan 'ya'yanta da 'yan kallo sun yi mana zobe. Muka cire takalma. Basira cikin lulluɓi ta zube a gabanta, 'yan rakiya duk suka zube.

Na tafi zan bi su, gwiwata ta ce ba da ita ba. Na ƙara yunƙurawa, ƙashin robar nan ya soke ni a haƙarƙari, na ji zare ya ce ƙirr a bayana. Nan take na yi lissafi: idan na kai ƙasa, siket zai dare gida biyu a gaban jama'a, ga 'yan mata da wayoyi a hannu. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, na sani sarai. Amma a wannan lokacin aka ɗora mini mutuncin ƙanwata a hannu ɗaya, siket a ɗaya hannun, kuma wallahi siket na zaɓa. Na ɗan rusuna kai, na tsaya ƙiƙam a kan tsofaffi, na fara karanto hadda.

“Inna, ga amana nan mun kawo. Marainiya ce, a riƙe ta da haƙuri. In ta yi kuskure a tsawata mata. Amma in sha Allahu ba za ku samu matsala ba, don an ba ta tarbiyya, ta san girman na gaba da ita.”

Wata maƙwabciyarmu tana ta jan wutsiyar siket ɗina daga ƙasa tana raɗa, “Durƙusa mana!” Inna Kulu ba ta ɗago kai ba. Ta juya wajen tsohuwar da ke gefenta ta ce, “Wa ke magana can bisa?”

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Sai a lokacin Inna ta ɗago, ta bi ni da kallo tun daga yatsun ƙafa har ɗauri, ba gaggawa.

“Ɗiyata, ke kika rene ta?”

Na ce, “Ni ce, Inna.”

Ta ce, “To madalla. Mun ga tarbiyyar.”

Na ga kafaɗun Basira suna rawa a ƙarƙashin lulluɓi, kuma na san wannan ba kukan amarci ba ne. Cikin ruɗewa na ce bari in gyara, na saki jiki gaba ɗaya zan durƙusa. Siket ya yage tun daga zif har ƙasa, da ƙarar da ko na zaure ya ji, ni kuma na tafi a kaikaice na faɗa kan ƙwaryar furar da aka ajiye wa baƙi. Ga mari ga tsinka jaka. Ban tsira da siket ba, ban tsira da mutunci ba.

Wata tsohuwa ce ta ciro zani daga ɗakinta ta rufa mini, yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Na ɗaura, na zube gwiwa biyu yadda ya kamata, na buɗe baki zan ba da haƙuri. Inna Kulu ta ce, “Tashi, ɗiyata, an riga an gama. Ku kai yarinya ɗaki, rana na yi, ku samu ku tahi lahiya.” Ko tsawa ba ta yi mini ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A cikin zanin aro na koma Batsari, da busasshiyar fura a gefen ɗauri.

Da a kaina abin ya tsaya, da tuni na mayar da shi labarin dariya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Basira ya doka. A gidan ba a kiranta da sunanta sai a gaban mijinta, a bayan ido ƙanwar Mai Tsayuwa ce. In ta yi jinkirin amsa kira, halin gidansu ne. In ta ɗaura sabon zani, ta fara bin sawun yayarta. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba, a bakin mutane nake ji.

Sai da cikinta na fari ya tsufa na yi ƙarfin halin komawa duba ta, cikin hijabi har ƙasa. Da safe na ga matan gidan suna zuwa gaida Inna Kulu, kowace ta ɗan rage tsawo ta ce ina kwana ta wuce aikinta. Basira kuwa, da ƙaton cikinta, ta dafa bango ta sauka a hankali har gwiwoyinta suka taɓa tsakuwa. Ta gaishe ta, aka amsa, ba ta tashi ba. Ta daɗe a nan har sai da tsohuwar ta ce ta je. Da ƙyar ta miƙe.

Da muka shiga ɗaki na ce, “Basira, wannan wace irin wahala ce? Ba ki ga yadda sauran suke yi ba?”

Ta yi murmushi tana kakkaɓe gwiwa ta ce, “Yaya, su nasu kaɗai suke yi. Ni har da naki nake biya.”

Darasin dai da na kwasa, ga shi kyauta ga mai so: kafin ki yaba ɗinki, ki kai gwiwa ƙasa a cikinsa ki gani. In ya hana ki, cire shi, don durƙuson da kika ƙi yi ba ya ɓacewa, wata baiwar Allah ce za ta yi ta yinsa a madadinki.