Tallar tabarmi ba tabarma

Shekarar da na fara riƙe babbar salula, na ce bana rana ba za ta gasa ni a kasuwar Madawa ba, ta bidiyo zan sayar da tabarmina. Ƙanwata mai sayar da turare a Tawa ta ce, "Yaya, minti guda gare ki, ki hwara da kaya."

Na ce ba a daji aka haife ni ba, da zan tsaya gaban jama'a babu gaisuwa.

Na ci ado, na jingina salula da turmi. Na gai da mutanen Buza, na tambayi na Keita ya ruwa, na yi wa Gwaggo ta Sabon Gida, Allah ya jiƙanta, sannu da ciwon ƙafa. Ina sunkuyawa in ɗauko tabarma minti ya cika, bidiyo ya yanke. Ban duba ba na tura.

Kwana uku saƙo na shigowa: "Lahiya lau, muna amsawa." Gwaggo ta ce ƙafa da sauƙi. Tabarma kuwa ko ɗaya ba a taya ba.

Har yau in na yi sallama a gidan suna, sai mata su ce, "Ku gyara zama, Hajiya za ta yi talla."